Ga amsarka, ƙanena: ƙanjamau a Koriya ta Kudu, maganinta da bakin mutane

Ƙanena, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonka ya iske ni tun daren Talata, na karanta shi sau biyu a tsaye cikin bas, ban samu zama na amsa ba sai yau. Ka yi haƙuri. Kamar yadda muka yi da kai, zan amsa a fili ba suna ba gari, don kai ne na uku da ya kawo mini irin wannan tambaya cikin shekara biyu, kuma sauran biyun sai da suka yi ta kewaye-kewaye da "wani abokina ne" kafin su fito da ita. Kai kuwa ka faɗa kai tsaye: jami'a ta ba ka gurbin digiri na biyu a nan Koriya ta Kudu, shekara huɗu ke nan kana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, daga kai sai mahaifiyarka sai likitanka kuka sani. Kana son sanin ko za a gwada ka a filin jirgi a juyo da kai, ko akwai maganin a nan, kuma nawa ne. Ka ƙara da cewa wani a majalisarku ya rantse Koriya babu mai wannan cuta ko mutum ɗaya, shi ya sa ba sa barin mai ita ya taka ƙasarsu.

Ni ba likita ba ne, lafiyar al'umma na karanta, aikina ƙirga cututtuka ne ba rubuta magani ba. To a ɓangaren ƙirgan, mutumin majalisarku ya ɗauki kaffara.

Tun 1985 aka gano ƙwayar HIV a jikin ɗan Koriya na farko. Daga 2013 zuwa yau, sababbin da ake ganowa kowace shekara suna kai-kawo ne a wajen dubu ɗaya. Hukumarsu ta daƙile cututtuka, KDCA, ta ƙirga sama da 1,200 a 2019, sai 975 a 2021, 1,066 a 2022, 1,005 a 2023. Kada faɗuwar 2020 da 2021 ta ruɗe ka. Lokacin korona ne, an janye ma'aikatan cibiyoyin lafiya na gundumomi zuwa gwajin korona, tebur ɗin gwajin HIV ya zauna a rufe wata da watanni. Abin da ba a gwada ba, ba ya shiga lissafi. 'Yan ƙasar da ke raye da cutar a ƙarshen 2023, waɗanda hukuma ta sani, su 16,467 ne, cikin mutum miliyan 51 da ɗoriya. Wato kamar mutum uku cikin kowace dubu goma. Ka auna da namu: babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, kuma arewa maso yamma, wadda ta fi ko'ina ƙaranci, tana da 0.6. Ma'aunin ba iri ɗaya ba ne, amma ko ta ina ka juya shi tazarar babba ce. Cutar kaɗan ce a nan, da gaske. Kuma wannan ƙarancin shi ne tushen sauƙin da za ka samu, shi ne kuma tushen wahalar.

Fuskarta ma daban take da wadda muka sani. A gida mata sun fi maza ɗauke da ita, kusan ninki biyu a wancan binciken na 2018, kuma duk wanda ya taɓa zama a layin karɓar magani ya ga hakan da idonsa: zawarawa, masu goyo, matan da mijin ya rasu aka ce taifot ne. A nan tara cikin goma maza ne, kuma kusan biyu cikin uku na sababbin samari ne 'yan shekara 20 zuwa 39. Hanyar kamuwa kusan duka ta saduwa ce. Cikin waɗanda suka amsa tambayar jami'an lafiya a shekarun nan, fiye da rabi sun ce tsakanin maza ne, kuma da yawa ba sa amsawa kwata-kwata. Allurar 'yan ƙwaya ba ta taka wata rawa ba. Daga uwa zuwa jariri kusan babu. Ta ƙarin jini kuwa, tun 2006 ba a sake samun ko ɗaya ba, bayan da suka fara tace jinin gudummawa da gwajin da ke gano ƙwayar da wuri a 2005.

Ba wa'azi na zo yi ba, lissafi nake karanta maka, kuma ina karanta maka ne don ka san da wane ido za a kalle ka. A kan ɗan Koriya na titi, wannan cuta ta mutum biyu ce: namiji mai neman maza, da baƙo. Labarin matar aure da ta ɗauka a ɗakin mijinta, ko yaron da aka haifa da ita, ba ya cikin kansa sam.

Maganar baƙi kuma tana da ƙamshin gaskiya da ake yi wa ƙari. Cikin 1,005 na 2023, 256 baƙi ne, kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kason yana hawa shekara bayan shekara. Duk sanda aka fitar da rahoton, wannan layin jaridu ke ɗagawa. Abin da ba sa ɗagawa shi ne baƙin da ke zaune a ƙasar sun haura miliyan biyu da rabi, kuma uku cikin huɗu na sababbin har yanzu 'yan gida ne. Ƙwayar cutar ma da kanta tana ba da shaida. HIV dangi-dangi ce. Wadda ta fi yawa a Najeriya ita ce dangin G da wata gauraya da ake kira CRF02_AG. Ta Koriya dangin B ce, kuma mafi yawanta wani reshe ne guda da masu bincike suka laƙaba wa sunan ƙasar, don ya shigo tun da daɗewa ya yi ta yaɗuwa tsakanin 'yan ƙasa ya-su-ya-su. Da wannan reshen ne ma aka bi sawun wani abin takaici: a farkon shekarun 1990 kimanin mutum ashirin masu ciwon rashin daskarewar jini suka kamu ta maganin da aka haɗa a cikin gida daga ruwan jinin masu sayarwa, shari'ar ta ja har Kotun Ƙoli a 2011. Duk wanda ya ce maka 'yan Afirka ne suka kawo musu, ɗakin gwajinsu ne zai ƙaryata shi.

Sai batun juyo da kai daga filin jirgi. Ba a ɗibar jinin kowa a Incheon, babban filin jirgin ƙasar. Tsoronka dai yana da asali, don a da ana korar baƙon da aka samu da ita. A Janairun 2010 gwamnati ta sanar da ɗage takunkumin shiga ƙasa, amma ta bar wani saura. Tun 2007, bayan da aka kama wani ɗan Kanada da ya taɓa koyarwa a nan da laifin lalata da yara a Tailan, aka wajabta wa baƙi masu koyar da Turanci gwajin HIV da na ƙwaya, alhali abokan aikinsu 'yan ƙasa ba a gwada su. Wata malama 'yar Niyuzilan, Lisa Griffin, da ke koyarwa a Ulsan, ta ƙi sake gwajin a 2009, aka ƙi sabunta mata kwantiragi. Ta kai ƙara kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ya ba ta gaskiya a 2015. Ma'aikatar shari'a ta soke gwajin a Yulin 2017, wata kotu a Seoul kuma ta ce a biya ta miliyan 30 na won, kuɗin Koriya, a 2019. Abin dariyar, ita wannan biza ta koyar da Turanci ba a ma ba ɗan Najeriya, ta 'yan ƙasashe bakwai ce, Afirka ta Kudu kaɗai ce daga nahiyarmu. Amma faɗan da matar nan ta yi shekara goma ya share mana hanya mu ma.

Gwajin da ba za ka tsallake ba shi ne na tarin fuka. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Koriya ke neman takardar gwajin tibi kafin ta ba da bizar dogon zama, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai kan sake neman hoton ƙirji. Ba don sun fi mu tsabta ba ne. Su kansu sun shafe shekaru suna kan gaba a yawan tarin fuka cikin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, shi ya sa suke firgita da shi. Kai da garkuwarka ke da tarihi, wannan gwajin amfaninka ne, ka yi shi da wuri. Ban da wannan, masu ba da tallafin karatu da wasu makarantu suna da nasu fom na lafiya. Ka karanta na shekarar da kake ciki layi-layi, kada ka dogara da abin da wani ya cika shekara biyar da ta wuce. Inda ba a tambaye ka ba, ba dole ka yi tallar kanka ba. Inda aka tambaya ƙarara, kada ka yi ƙarya, don ƙarya a takarda ita ce ke soke biza ko da cutar ba ta soke ta ba. In kana shakka, buɗe wani adireshin imel da ba sunanka ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Suna amsawa.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, don a nan ne mutanenmu ke faɗuwa.

Maganin yana nan, mai kyau kuwa. Amma kwalbar da ka saba karɓa, TLD, ba a sayar da ita a Koriya. Wannan haɗin na tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kamfanonin Indiya ne ke yin sa da araha bisa lasisin da ya taƙaita ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, Koriya kuwa ba ta ciki. A nan na kamfanin asali ake sha. Wanda aka fi rubutawa shi ne Biktarvy, da ya shigo inshora a 2019, sai Dovato, duka ƙwaya ɗaya a rana kamar yadda ka saba. Akwai ma allurar da ake yi duk bayan wata biyu, amma kada ka iso da ita a bakinka, ka bari likita ya san jininka tukuna. Sashen da za ka nema a babban asibiti sunansa gamyeom naegwa, sashen cututtuka masu yaɗuwa. Ƙananan asibitocin unguwa ba sa wannan aikin. Manyan asibitocin jami'o'i da Cibiyar Lafiya ta Ƙasa da ke Seoul suna yi, kuma da yawansu suna da nas ta musamman mai ba masu cutar shawara a ɗaki na daban. In ka daidaita, zuwa duk wata uku ne ko fiye, a ɗebi jini, a duba ƙarfin garkuwa da yawan ƙwayar cutar, ka karɓi magani ka tafi aji.

Tunda canjin magani kusan dole ne, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Akwai abubuwan da likitan nan ba lalle su zo masa a rai ba sai ka faɗa. Na farko ciwon hanta nau'in B. Yana da yawa a cikinmu, da yawa kuma ba su san suna da shi ba, saboda tenofovir da ke cikin TLD yana danne shi a ɓoye tare da HIV. Dovato ba shi da tenofovir, allurar ma haka. A cire wa mai ciwon hanta tenofovir kwatsam, hantar na iya tashi da ƙarfi har ta kwantar da mutum. Biktarvy yana da shi. A nan ka yi sa'a, don ciwon hanta tsohon ciwon Koriyawa ne, likitocinsu sun san shi ciki da bai, amma ka zo da sakamakonka a hannu. Na biyu shi ne wanda ba su saba da shi ba: ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD. A mazan Afirka ta Yamma abu ne gama-gari, a Koriyawa kuwa da ƙyar ake gani. Wasu magungunan da ake ba mai raunin garkuwa, irin su dapsone da primaquine, suna farfasa jinin mai wannan ƙarancin. Ka yi gwajin a gida, ka haɗa da rukunin jininka na sikila. Kuma in har aka ce za a ba ka maganin tarin fuka, ka tuna musu abin da kake sha, don rifampicin ba ya zama da Biktarvy. Ko ƙwayoyin ƙarin sinadarin ƙashi da na ƙarin jini da na gyambon ciki, waɗanda Koriyawa ke sha kamar gyaɗa, suna rage shigar maganinka in an haɗa su lokaci guda ba bisa ƙa'ida ba.

Wani abokin karatu zai kawo maka jan ginsin, hongsam, ya ce yana ƙara garkuwa. Kyauta ce ta girmamawa, mai tsada ce ma, har wasu likitocinsu sun yi rubuce-rubuce kan tasirinsa ga masu HIV. Ka karɓa ka gode, ka tambayi likitanka kafin ka sha. Ba ya maye gurbin ƙwayarka, kamar yadda jarkar mai maganin gargajiya da lasifika a bakin tasha ba ta maye ba.

Kuɗi. A gida kana karɓa kyauta, saboda tallafin Amurka da Asusun Duniya da gwamnati. A nan ƙwaya ɗaya ta Biktarvy tana wajen won dubu 24, wato fiye da won dubu 700 a wata in babu inshora, ban da kuɗin gwaji da ganin likita. Ɗalibi ba ya iya wannan, ko da yana wanke kwanuka dare da rana. Inshorar lafiya ta ƙasa ita ce ke sauke nauyin: an sa HIV cikin cututtukan da ake yi wa rajista ta musamman, inshora ta biya kashi 90, mara lafiya ya biya 10. Ɗan ƙasa ko wannan goman mayar masa ake yi ta cibiyar lafiya ta gundumarsa, wadda suke kira bogeonso, gwamnatin tsakiya ta ɗauki rabi, ta yanki ta ɗauki rabi. Kai kada ka gina lissafinka a kan za a mayar maka. Ka tambaya in ka zo, amma ka ware kuɗin goman a cikin kasafinka, kamar won dubu 70 zuwa 80 a wata, da ɗan ƙari a watan gwaji. Ita kanta inshorar wajibi ce ga ɗaliban waje tun Maris 2021, ana yi musu ragin rabi, tana kamawa won dubu 70 da wani abu a wata. Kada ka bari bashinta ya taru, don yana hana amfani da ita, yana kuma taɓa sabunta biza.

Ramin yana tsakanin ranar da ka sauka da ranar da inshorar ta fara aiki. In bizarka D-2 ce, ta karatun digiri, tana farawa ne da rajistar katin zama na baƙi, shi kuwa katin a watan Maris da Satumba, lokacin da ɗalibai ke tururuwa, yana iya cin makonni. In D-4 ce, ta koyon harshe, sai ka cika wata shida a ƙasar. Ka duba takardarka yau, don wasu guraben suna farawa da shekara guda ta koyon Koriyanci. Inshorar kamfani da makarantu kan saya wa sababbin zuwa galibi ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka zauna da likitanka tun yanzu, ka nemi maganin wata uku aƙalla, in D-4 ce ku tsara yadda za a cike wata shidan. Ya rubuta maka wasiƙa da Turanci mai ɗauke da ranar da aka gano, duk magungunan da ka taɓa sha da dalilin canja su, da sakamakon gwajinka na ƙarshe har da na ƙoda. Maganin ya zauna cikin kwalbarsa ta asali, a jakar hannu, ba a akwatin da zai iya kwana a Adis Ababa ko Doha ba. Koriya tana gaban Najeriya da awa takwas, ƙarfe tara na darenka a gida biyar na asuba ne a nan. Wasu sukan bar shi haka su haɗa da sallar asuba, wasu su matsar da shi. Ku yanke da likita kafin ka hau jirgi. Azumi ba matsala ba ne ga mai ƙwaya ɗaya a rana, sahur ko buɗa-baki.

Wannan duk na ɗalibi ne mai takarda. Ga masu karanta wannan da dillali ya yi wa alkawarin aikin masana'anta: tsarin da Koriya ke ɗauko leburori da shi yarjejeniya ce da wasu ƙasashen Asiya, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Wanda ya shigo da bizar ziyara ya maƙale ba shi da inshora, kuma in yana kan wannan magani, ya sa ransa a tsakanin won dubu 700 a wata da daina sha. Na ga wanda ya zaɓi daina sha. Ba zan ba da labarinsa a nan ba.

Na ce maka ƙarancin cutar shi ne tushen wahalar. A Kano ko Bauchi, duk da gorin da muka sani, akwai ƙungiyoyin masu ɗauke da ita, akwai waɗanda suka fito rediyo da muryarsu, har aure ake haɗawa tsakaninsu a yi biki da kiɗa. Kusan kowane gida ya san wani. A nan mutum zai tsufa bai taɓa sanin ya zauna da mai ita ba, abin da ya sani kawai hotunan tsoro na shekarun 1980, lokacin da ake kiranta cutar baƙi har ana neman a gwada masu zuwa gasar Olamfik ta 1988 da sojojin Amurka. Dokar yaƙi da cutar ta 1987 da farko har killace mutum ta yarda a yi, daga baya aka cire. A wani babban binciken ra'ayin jama'a na duniya da aka yi a farkon shekarun 2010, kusan tara cikin goma na Koriyawa sun ce ba sa son maƙwabci mai ƙanjamau. Sakamakon haka mutane suna gudun gwaji, da yawa ba a gano su sai garkuwa ta riga ta zube sun zo da ciwon huhu. Kashe kai kuma, a ƙasar da dama ta fi sauran ƙasashen OECD yawansa, ya fi tsanani a tsakanin masu cutar. Ƙwayar da magani ya riga ya ɗaure, kunya ke ƙarasa mata aiki.

Har cikin asibiti abin yana shiga, ba a sashen masu kula da kai ba, a sauran. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta sha karɓar koke kan wuraren da suka ƙi yi wa mai HIV tiyata ko aikin haƙori, da gidajen jinyar tsofaffi da ke ƙin karɓarsu. Na taɓa raka wani ɗan'uwa daga wata ƙasar Afirka wani ƙaramin asibitin haƙori, ya faɗi gaskiya a fom. Matar da ke kan tebur ta shiga ciki ta daɗe, ta fito tana ta sunkuyawa tana ba da haƙuri, wai na'urarsu ba ta dace ba, ya je babban asibiti. Ba zagi, ba tsawa. Koriyawa ba sa korarka da faɗa, da ladabi suke rufe ƙofa. Tun daga ranar na koyi cewa duk wani aikin haƙori ko tiyata, ta hannun likitan gamyeom naegwa ake bi ya tura ka cikin asibitinsu. Ka haɗa wannan da baƙar fata. A 2014, lokacin Ebola, wata mashaya a Itaewon, unguwar da babban masallacin Seoul yake, ta manna takarda cewa ba ta karɓar 'yan Afirka. An yi ca a kanta ta ba da haƙuri, amma ka gane yadda tunanin ke tafiya.

Doka dai tana gefenka a nan. Likitan da ya karɓe ka zai sanar da bogeonso, wannan wajibi ne, amma an haramta wa duk ma'aikacin da ya sani ta hanyar aikinsa ya fallasa, kuma akwai hukunci. Mai ɗaukar aiki ba shi da ikon ya ce ka kawo masa sakamakon gwajin HIV. Farfesanka ba ya buƙatar sani, abokin ɗakinka ma haka. 'Yan'uwanmu na masallaci da na rukunin WhatsApp fa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, magana in ta fita a garin Ansan na nan Koriya da safe, kafin la'asar ta isa Fagge. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana saboda ranar rashin lafiya, ya isa.

Akwai kuma sashen dokar da ke kanka, kuma gara ka ji shi daga bakina. Sashe na 19 na dokar yaƙi da cutar ya haramta wa mai ɗauke da ita duk abin da zai iya yaɗa ta, kotuna kuma suna fassara shi da saduwa ba kwaroron roba, hukuncin yana kai shekara uku a gidan yari. Ilimi ya tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar har na'ura ba ta ganinta a jini ba ya yaɗa ta ta saduwa, da wannan hujja aka kai sashen Kotun Tsarin Mulki. A Oktoban 2023 alƙalai biyar cikin tara suka ce wani ɓangarensa ya saɓa wa tsarin mulki, huɗu suka ce daidai yake. Shida ake buƙata, don haka yana nan daram. Ga baƙo, hukuncin kotu yana tafiya ne da bizarsa. Na san tarbiyyarka, ba ina zarginka ba ne. Amma shekara biyu ko biyar a ƙasar sanyi ba wasa ba ne, in maganar aure ta taso, nan ko gida, ka faɗa mata tun kafin zance ya yi nisa. Kano ma ai ta wajabta gwaji kafin aure tun 2024. Akwai maganin kariya da mai lafiya ke sha, inshorar nan tana ɗaukarsa ga abokin zaman mai cutar tun 2019, kuma da kulawar likita ana haihuwar 'ya'ya lafiya lau.

Wanda kuma yake nan bai san matsayinsa ba, gwaji a bogeonso kyauta ne, ba a tambayar suna in ka ce ba ka so, a gundumomin Seoul ana ba da sakamakon gaggawa cikin minti ashirin. Akwai cibiyar KHAP da aka buɗe musamman don baƙi, suna jin Turanci. Kai ma ka riƙe sunanta, sun san asibitocin da suka saba da irinmu. Tambayar biza kuma 1345 ake kira, akwai masu Turanci.

Shawarata ka karɓi gurbin. Ka turo mini hoton takardar shigarka in ga ko D-2 ce ko D-4, da sunan garin, in duba maka asibitin da ya fi kusa da makarantar. Ka gaida Hajiya, ka ce mata an ce akwai maganin, kuma akwai masallaci. In ta tashi haɗa maka tsaraba, yaji da kuka sun isa. Kilishi kam kada ta sako, karnukan kwastan na Incheon ba sa kuskure, tarar kuma ta fi kuɗin maganinka na wata.